Darasi Na Goma Sha Biyu: Hannu Ɗaya Ba Ya Ɗaukar Jinka

Gabatarwa

A wannan darasi za mu karanta bayani a kan yadda ake jinyar yaran da suka kamu da ciwon daji ko wata cuta ta jini, musamman sikila. Manufar darasin biyu ce. Ta farko, ɗalibi ya naƙalci kalmomin da Hausawa suke amfani da su a asibiti. Ta biyu, ya fahimci dalilin da ya sa irin wannan jinya ta fi ƙarfin likita guda, sai an yi wa cutar taron dangi. A karanta bayanin sau biyu kafin a duba ma'anar kalmomi.

Cututtukan da ake magana a kansu

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a kowace shekara yara da matasa kimanin 400,000, daga jarirai zuwa 'yan shekara 19, suna kamuwa da ciwon daji, wanda wasu suke kira sankara ko kansa. A ƙasashe masu arziki fiye da 80 cikin 100 na waɗannan yara suna warkewa, amma a yawancin ƙasashe matalauta masu warkewar ba su kai 30 cikin 100 ba. Saboda haka ne a shekarar 2018 hukumar ta ƙaddamar da wani shiri, da burin ganin aƙalla 60 cikin 100 suna tsira a duniya baki ɗaya nan da shekarar 2030.

Dajin yara iri-iri ne. Akwai sankarar jini, wadda take farawa a cikin ɓargo. Akwai dajin ƙoda, akwai kuma na ido, wanda sau da yawa uwa ce take fara lura da shi, idan ta ga wani farin abu yana ƙyalli a ƙwayar idon ɗanta. Sannan akwai dajin Burkitt, mai kumbura muƙamuƙi ko ciki, wanda ya fi yawa a yankunan Afirka masu fama da zazzaɓin cizon sauro. An sa masa sunan Denis Burkitt, likitan fiɗa da ya bayyana shi a Yuganda a shekarar 1958. Kumburinsa yana iya ninka girmansa cikin kwana ɗaya ko biyu, amma yana jin magani ƙwarai. Farfesa Victor Ngu, mutumin Kamaru da ya yi aiki a Ibadan, yana cikin waɗanda suka nuna haka tun shekarun 1960.

Ita kuwa sikila, wadda Hausawa kan kira amosanin jini, gadonta ake yi. Idan uwa da uba duka suna da rukunin jini na AS, to, a kowane ciki akwai yiwuwar ɗaya cikin huɗu a haifi ɗa mai SS. Jajayen ƙwayoyin jinin mai lafiya sukan rayu kwana 120, na mai sikila kuwa kwana 10 zuwa 20 kawai. Sukan lanƙwashe kamar lauje, su toshe ƙananan hanyoyin jini, su jawo azabar ciwon ƙashi da ƙarancin jini. Nijeriya ta fi kowace ƙasa yawan masu wannan cuta, domin an ƙiyasta cewa ana haihuwar jarirai kimanin 150,000 da ita a kowace shekara.

Mafarin aikin haɗin gwiwa

A shekarar 1947 wani likita mai suna Sidney Farber ya fara gwada wani magani a kan yara masu sankarar jini a birnin Boston na Amurka. Cutar ta lafa a jikin 10 daga cikin yara 16, ko da yake daga baya ta dawo. Farber ya lura cewa buƙatar yaron ta wuce allura da ƙwaya. Don haka ya tsara cewa likita da ma'aikatan jinya da masanin abinci da mai kwantar wa iyaye hankali duk su yi aiki a wuri guda, a kan yaro guda. A shekarar 1962 aka buɗe asibitin St. Jude a birnin Memphis, inda aka riƙa haɗa magunguna da dama a bi da su bisa tsari na tsawon shekaru. A wancan lokaci yaran da suke tsira daga sankarar jinin da ta fi yawa ba su kai 10 cikin 100 ba. A yau, a ƙasashe masu arziki, sun kai kimanin 90.

'Yan ƙungiya da aikin kowa

Mu ɗauka an kawo yaro mai kumburin ciki. Likitan yara ne zai fara duba shi, ya tura shi wurin mai ɗaukar hoto. Likitan fiɗa zai gutsuro ɗan nama daga kumburin, masanin ɗakin gwaje-gwaje ya duba shi da madubin likita, ya faɗi ainihin irin dajin. Wannan mataki shi ne ginshiƙi, domin kowane daji da nasa magani. Daga nan sai waɗannan masana su zauna tare su yanke shawara: a fara da magani ne, ko da fiɗa, ko kuwa sai an haɗa da na'urar ƙona daji?

Mai haɗa magunguna yakan auna maganin daidai da nauyin yaro da tsawonsa, saboda maganin daji yana da ƙarfi, kuma kuskure kaɗan yana iya yin kisa. Ma'aikaciyar jinya ita ce take tare da yaro dare da rana. Maganin yana karya garkuwar jiki, shi ya sa zazzaɓi ga irin wannan yaro lamari ne na gaggawa, kuma ita ce take fara ganinsa. Ma'aikatan ma'ajiyar jini suna tanadin jinin da aka tantance. Masanin abinci yana lura da cin yaro, don yaron da tamowa ta kama ba ya jure magani. Jami'in walwalar jama'a yana binciken halin iyali, ya nemo musu tallafi. A wasu asibitoci har malamin makaranta akwai, kada yaro ya warke ya tarar tsararrakinsa sun yi masa nisa. Idan kuma ciwo ya gagara, akwai masu aikin sauƙaƙa raɗaɗi, waɗanda suke tsayawa tare da yaro da iyayensa har ƙarshe.

Misali daga Kano

Shanyewar ɓarin jiki tana cikin munanan illolin sikila. Idan ba a yi rigakafi ba, kimanin yaro ɗaya cikin goma mai SS yakan gamu da ita kafin ya cika shekara 20. Akwai wata na'ura da ake ɗorawa a gefen kai, wadda take auna gudun jini a jijiyoyin ƙwaƙwalwa, kuma ana so a riƙa gwada yara da ita daga shekara 2 zuwa 16. Idan gudun ya kai santimita 200 a daƙiƙa, yaron yana cikin haɗari. Wani bincike da aka buga a Amurka a 1998 ya nuna cewa ƙarin jini a kowane wata yana rage haɗarin da kimanin 90 cikin 100.

Sai dai ƙarin jini wata-wata abu ne mai wuya a inda jini yake da ƙaranci da tsada. Saboda haka likitocin Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, tare da takwarorinsu na Jami'ar Vanderbilt ta Amurka, suka gwada ƙwayar hydroxyurea a kan yara 220 a asibitocin Kano da Kaduna. Sakamakon da aka buga a 2022 ya nuna cewa ko ƙaramin awo na ƙwayar yana ba da kariya. Amma ƙwayar ba ta isa ga yaro sai ta bi ta hannu da yawa: mai gwaji da na'ura, da likitan da zai rubuta ta, da mai duba jini a kai a kai, da ma'aikaciyar jinyar da za ta nemi uwa idan ta daina zuwa. Idan ɗaya ya yi sake, aikin sauran ya tafi a banza.

Iyaye ma 'yan ƙungiya ne

Wata babbar matsala a ƙasashe matalauta ita ce barin magani a tsakiya. Jinyar sankarar jini takan ɗauki shekara biyu zuwa uku. Kuɗi sukan ƙare, gida yana da nisa, damina ta faɗi gona tana jira, ga sauran yara an baro su. Wani lokaci kuma kumburi yakan sace bayan 'yan makonni, iyaye su ɗauka yaro ya warke su koma gida, alhali sauran cutar tana nan, kuma idan ta dawo ta fi wuyar magani. Wasu sukan danganta ciwon ga iskoki ko sammu, su fara zuwa wurin boka, sai abu ya ƙazanta sannan a zo asibiti.

Maganin wannan shi ne a ɗauki iyali a matsayin abokan aiki. A ƙasar Hausa uwa ce take zaman jinya, amma galibi uba ne mai yanke shawara da biyan kuɗi, kaka kuma maganarta tana da nauyi. Dole a yi wa ukun nan bayani cikin harshen da suke ji. Uwar mai sikila za ta iya koyon taɓa cikin ɗanta don ta gane idan saifa ta kumbura, ta riƙa ba shi ruwa da yawa, ta kare shi daga sanyi da sauro. Wanzami ma yana da rawar takawa, domin sau da yawa a wurin kaciya ake fara gane yaron da jininsa ba ya daskarewa. Haka nan limamai masu ɗaura aure, tun da a 2024 gwamnatin Jihar Kano ta kafa dokar gwajin lafiya kafin aure, wadda ta haɗa da gwajin rukunin jini na gado.

Kammalawa

Maganin da yake warkar da yawancin dajin yara an san shi shekaru da dama, ƙwayoyin kare mai sikila ma akwai su. Abin da ya rage shi ne a gano cuta da wuri, a kuma riƙe yaro da iyayensa har a kai ƙarshen magani. Wannan kuwa aikin jama'a ne, kamar ɗaukar jinka.

Hira a ɗakin yara

Uwa: Sannu da aiki, Sista.
Nas: Yauwa, Mama, sannu da ɗawainiya. Yaya mai jiki?
Uwa: Da sauƙi, alhamdu lillahi. Kumburin ya sace. Babansa ya ce mu koma gida.
Nas: Madalla da sauƙi. Amma Mama, ganye ne ya bushe, saiwa tana nan. Akwai sauran allurai.
Uwa: Wallahi kuɗin mota ne ya gagare mu.
Nas: Kada ki damu, zan haɗa ku da jami'ar walwala. Ki roƙi Malam ya zo gobe, likita zai yi masa bayani da kansa.
Uwa: To, Allah ya saka da alheri.
Nas: Amin. Allah ya ba shi lafiya.

Ma'anar kalmomi

jinka: rufin ɗaki na ciyawa da ake haɗawa a ƙasa, sannan a ɗaga a ɗora
taron dangi: haɗuwar mutane da yawa a kan abu ɗaya don su rinjaye shi
ɓargo: abu mai taushi da yake cikin ƙashi, inda ake yin jini
fiɗa: yanka jiki don magani, wato tiyata
madubin likita: na'urar ganin abubuwan da ido ba ya iya gani
tamowa: ramewar yaro saboda rashin abinci mai gina jiki
saifa: wata gaɓa a cikin ciki, ta hagu, mai tace jini
sace: raguwar kumburi
sake: sakaci, rashin kula
sammu: asirin da ake jin an yi wa mutum don a cuce shi

Nahawu: ɗafa-goshin ma-

Hausa tana gina sunan mai aiki ta hanyar liƙa ma- a goshin aikatau. Namiji yakan ƙare da -i, mace da -iya, jam'i da -a: masani, masaniya, masana. Idan saiwar kalma ta ƙare da t, takan koma c a gaban i, abin da ake kira ganɗantawa: ma'aikaci, ma'aikaciya, ma'aikata, majinyaci, majinyaciya, majinyata. Da wannan ɗafi ake gina sunan wuri, kamar ma'ajiya da makaranta. A lura cewa ma'aikata masu aiki da ma'aikata wurin aiki rubutunsu ɗaya ne, karin sauti ne ya bambanta su. Haka kuma kalmar jinya tana nufin kwanciya ciwo, tana kuma nufin kula da maras lafiya, don haka sai a dubi jimla kafin a gane wa ake nufi da mai jinya.

Tambayoyi

1. Ta yaya yaro yake gadon sikila?
2. Kawo ma'aikata biyar da aka ambata, ka bayyana aikin kowannensu.
3. Me ya sa likitocin Kano suka nemi abin da zai maye gurbin ƙarin jini wata-wata?
4. Waɗanne dalilai ne suke sa iyaye su bar magani a tsakiya?
5. Me nas take nufi da maganar ganye da saiwa?
6. Gina sunan mai aiki na namiji da mace da jam'i daga waɗannan: rubuta, noma, ɗinka, taimaka.

Aikin gida

Rubuta hira mai layi goma sha biyu tsakanin likita da mahaifin yaron nan. Ka kula da gaisuwa da kalmomin girmamawa.