Rabi, Kwata da Ɗigo: Mu Auna Kafin Mu Lissafa

Yau za mu taɓo darasin da ke biye da mu tun daga firamare har zuwa jarrabawar BECE ta ƙarshen aji uku: firakshan, wato kaso kamar 3/4, gaurayen lamba, wato cikakkiyar lamba da kaso a gefenta kamar 2½, sai disimal, wato lamba mai ɗigo kamar 0.75. Ɗalibai da yawa sun haddace dokokinsu, amma duk da haka maki na zubewa a kansu. Shawararmu ɗaya ce. Kafin mu ɗora biro a takarda, mu fara auna girman lambar da ke gabanmu. Ta kai rabi? Ta wuce ɗaya? Wanda ya san wannan zai gane amsar da ba daidai ba tun kafin jan biro ya hau kanta.

Tun a gida muka san su

Kaso ba baƙo ba ne a Hausa. Muna da rabi 1/2, sulusi 1/3, rubu'i ko kwata 1/4, humusi 1/5, sudusi 1/6, sumuni 1/8 da ushiri 1/10. Yawancin waɗannan sunaye daga Larabci suka zo, kuma masu rabon gado suna aiki da wasunsu har yau.

Kowane kaso yana da lambar ƙasa da lambar sama. Ta ƙasa tana faɗa mana gida nawa aka raba abu daidai wa daida. Ta sama tana faɗin guda nawa aka ɗauka. Idan aka yanka kankana gida takwas aka ba mu uku, mun sami 3/8. Mu lura da kyau: idan masu rabo suka ƙaru, rabon kowa raguwa yake yi. Kankana ɗaya ga mutum uku ta fi auki a kan kankana ɗaya ga mutum takwas. Saboda haka 1/3 ya fi 1/8 girma, ko da yake takwas ta fi uku.

Lamba ɗaya, rubutu iri uku

Turmin atamfa yadi shida ne. A ce za a raba shi daidai tsakanin mutum huɗu. Kowa zai sami 6/4 na yadi. Shida a raba wa huɗu, ɗaya ce saura biyu, wato 1 da 2/4, wanda shi ne 1½. Da ɗigo kuma 1.5 ne. Tsawon yadin bai canza ba, rubutun ne kawai ya canza.

Ga yadda ake tsallakawa daga wannan zuwa wancan:

Daga gaurayen lamba zuwa kaso: a ninka cikakkiyar lambar da lambar ƙasa, a ƙara ta sama. A 2¾, biyu sau huɗu takwas, a ƙara uku, ya zama 11/4. Dalilin shi ne kowane yadi ɗaya yana da kwata huɗu, yadi biyu kwata takwas ke nan, ga kuma kwata uku a gefe.

Daga kaso zuwa ɗigo: a raba lambar sama da ta ƙasa. 3 ÷ 4 = 0.75, kuma 3 ÷ 8 = 0.375.

Daga ɗigo zuwa kaso: a ƙirga lambobin da ke bayan ɗigo. Guda ɗaya, ƙasa goma ce. Guda biyu, ɗari ce. Guda uku, dubu ce. Don haka 0.35 = 35/100, idan aka raba sama da ƙasa da biyar ya koma 7/20.

Wasu kasonnin ba sa ƙarewa. Sulusi 0.333… ne, uku na ta zuwa ba iyaka. Akwai hanyar gane su tun kafin a fara. A rage kason har ya kai ƙarshe, sannan a dubi lambar ƙasa. Idan daga ninka biyu da biyar kaɗai aka same ta, kamar 4, 8, 20 ko 25, ɗigon zai ƙare, domin goma kanta biyu sau biyar ce. Idan akwai uku ko bakwai a cikinta, kamar 3, 6, 7 ko 12, ba zai ƙare ba.

Naira ce ma'auninmu

Kakanninmu sun yi lissafin kuɗi mai wuya fiye da namu. A zamaninsu fam ɗaya sule ashirin ne, sule ɗaya kuma kwabo goma sha biyu. Sisi kwabo shida ne, wato rabin sule. Taro kwabo uku ne, wato kwatan sule. Ranar 1 ga Janairu, 1973 Najeriya ta koma amfani da naira da kwabo, inda fam ɗaya ya zama naira biyu, naira ɗaya kuma kwabo ɗari. Tun daga nan kuɗinmu ya zama na ɗigo. Shi ya sa saƙon banki ke nuna lambobi biyu a bayan ɗigo, ko da yake yanzu da wuya a ga kwabo a kasuwa.

Wannan ya ba mu ma'auni mai sauƙi. Mu ɗauki naira ɗari a matsayin abu guda cikakke:

1/2 naira 50 ce, wato 0.5
1/4 naira 25 ce, wato 0.25
3/4 naira 75 ce, wato 0.75
1/5 naira 20 ce, wato 0.2
1/10 naira 10 ce, wato 0.1
1/8 naira 12 da kwabo 50 ce, wato 0.125

Waɗannan shida sun cancanci a haddace su kamar jadawalin sau. Da su za mu riƙa auna sauran.

Ramuka biyar da ke cinye maki

Rami na farko: tara sama da sama, ƙasa da ƙasa. Mai gaggawa zai rubuta 1/2 + 1/3 = 2/5. Mu auna. Biyu bisa biyar naira 40 ce a cikin ɗari. Mutum yana da naira 50, aka ƙara masa wani abu, sai kuɗinsa ya koma 40? Ba zai yiwu ba. Dole a fara mayar da yankan su zama girma ɗaya. Shida tana rabuwa da biyu, tana rabuwa da uku, don haka 3/6 + 2/6 = 5/6. Wannan ya wuce rabi, bai kai ɗaya ba, kuma haka ya kamata.

Rami na biyu: zaton cewa lamba mai tsawo ita ce babba. Tsakanin 0.125 da 0.5, ido zai ce 125 ta fi 5. Mu cike gurbin da sifiri su zama tsawo ɗaya: 0.125 da 0.500. Yanzu ta fito fili, sumuni ne da rabi. Haka ma wajen tarawa da ɗebewa, ɗigo ya zauna a ƙarƙashin ɗigo. 3.5 + 0.25 a rubuta shi 3.50 + 0.25, amsa 3.75.

Rami na uku: ɗebe gaurayen lamba. A 5¼ − 2¾, wasu kan cire biyu daga biyar su sami uku, sannan su juya kason su cire ƙaramin daga babban, su rubuta 3½. Mu auna. 2¾ ya kusa uku, biyar da ɗan abu a cire kusan uku ba zai kai uku ba. Hanyar ita ce aro. A ari ɗaya daga biyar, a mayar da ita kwata huɗu, a haɗa da kwatan da ke nan. 5¼ ya zama 4 da 5/4. A cire 2 da 3/4, saura 2 da 2/4, wato 2½. Ɗigo ma ya yarda: 5.25 − 2.75 = 2.50.

Rami na huɗu: zaton cewa ninkawa kullum ƙari ce, rabawa kullum ragi ce. Wannan gaskiya ne idan lambar da aka ninka ko aka raba da ita ta fi ɗaya. Amma ½ × 8 yana nufin rabin takwas, wato huɗu. Shi kuma 6 ÷ ½ tambaya ce: rabi nawa ne a cikin shida? Idan gida na da gero mudu shida, ana dafa rabin mudu kullum, zai yi kwana goma sha biyu. Daga nan dokar nan ta juya kaso na biyu a ninka ta samo asali: 6 × 2/1 = 12. Haka 0.3 × 0.2 ba 0.6 ba ne. Humusin 0.3 ake nema, dole ya gaza 0.3. Uku sau biyu shida, lambobi biyu ne a bayan ɗigo a tambayar, amsa 0.06.

Rami na biyar: lokaci. Awa minti sittin ce, ba ɗari ba. Wasan ƙwallon ƙafa minti 90 ne, wato awa 1½ ko 1.5. Saboda haka awa 1.5 ba awa ɗaya da minti hamsin ba ne. Rabin wasa minti 45 ne, wato 45/60, wanda shi ne ¾ ko 0.75 na awa. Awa ɗaya da minti ashirin kuma 1 da 1/3 ne. Wanda ya rubuta 1.2 ya rubuta awa ɗaya da minti goma sha biyu.

Mu yi guda ɗaya tare

An kai wa tela shadda yadi 10. Riga ta ci yadi 3½, wando ya ci 2¾. Yadi nawa ya rage, kuma nawa ne kuɗinsa idan muka ɗauka yadi ɗaya naira 2,400 ne?

Awo tukuna. Uku da rabi da kusan uku, kusan shida da rabi ke nan. Abin da zai rage ya ɗan wuce uku da rabi, bai kai huɗu ba. Yadi huɗu naira 9,600 ne, don haka kuɗin zai gaza haka kaɗan.

Yanzu lissafi. 3½ shi ne 3 da 2/4. A tara da 2 da 3/4, ya zama 5 da 5/4, wato 6¼. Goma a cire 6¼, saura 3¾. Da ɗigo 3.75 ne, kuma 3.75 × 2,400 = 9,000. Amsar ta faɗa daidai inda awonmu ya nuna. Wanda ya kalli ¾ ya rubuta 0.34 zai sami naira 8,016. A aji maki ya rasa, a kasuwa kuwa naira 984 ya bari a hannun wani.

Yadda za mu riƙa gwaji

Tambaya biyar a kullum ta fi hamsin a daren jarrabawa. Kafin kowace tambaya mu rubuta awonmu a gefen takarda da fensir, ko da "tsakanin biyu da uku" ne kawai. Bayan mun gama, mu sake yin ta da ɗaya hanyar: idan da kaso muka yi, mu gwada da ɗigo. Mu riƙa yi bibbiyu, ɗaya ya lissafa, ɗaya ya auna, sannan a yi musanya. A lokacin tara za a iya ja layi a ƙasa, a sa 0 a farko, 1 a tsakiya, 2 a ƙarshe, a kira lamba kamar 7/4 ko 0.6 a ga wanda zai riga tsayawa a wurinta. Muna kuma roƙon malamanmu na lissafi, idan da hali, su riƙa tambayarmu "amsar za ta kai nawa?" kafin su ce mu fara.

Gwajin wannan mako

1. Wanne ya fi girma, 5/8 ko 0.6?
2. A mayar da 17/5 gaurayen lamba, sannan lamba mai ɗigo.
3. 2/3 + 3/4
4. 7 da 1/3 a cire 4 da 5/6
5. Jarka na ɗauke da manja lita 4½. Kwalba nawa mai cin lita ¾ za a cika?
6. Awa 2.4, awa nawa ne da minti nawa?

A kwafi tambayoyin a littafi, a rufe layin ƙasa da tafin hannu, kada a leƙa sai an gama.

Amsoshi: (1) 5/8, domin 0.625 ne. (2) 3 da 2/5, ko 3.4. (3) 1 da 5/12. (4) 2½. (5) Kwalba shida. (6) Awa biyu da minti 24.

Duk wanda amsarsa ta saɓa da tamu, ya koma kan awonsa ya ga inda suka rabu. Wanda kuma ke da wata hanya mafi sauƙi, ya rubuto ya miƙa wa kowane ɗan kulob ɗin 'yan jarida, za mu liƙa ta a nan da sunansa da ajinsa. Mu haɗu a fitowa ta gaba.