Fari da Girgizar Ƙasa: Muhawarar Kirista da Mulhidai a Kan Nufin Allah

Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa yin bazara a Mahuta, hedikwatar ƙaramar hukumar Fakai a ƙasar Zuru, ya san irin zullumin da manomi kan shiga idan lokacin shuka ya yi amma hadari ya ƙi haɗuwa. Musulmi su fita roƙon ruwa, Kirista su taru a majami'a su yi addu'a, masu addinin gargajiya kuma su koma ga dattawansu. Duk da sun sha bamban, sun haɗu a kan cewa akwai mai riƙe da ruwan. Sai dai akwai wata murya ta huɗu wadda ba a cika jin ta a fili a ƙasarmu ba, watau ta mulhidai, masu musun samuwar Allah. Su cewa suke yi babu wanda ya riƙe shi.

Manufar wannan maƙala ita ce a bi diddigin muhawarar da aka daɗe ana tafkawa tsakanin waɗannan mutane da Kirista, a kuma nuna cewa tambayoyi uku ne ake cakuɗawa a cikinta, watau yadda abu ya faru, da dalilin da ya sa aka ƙaddara shi, da wanda za a ɗora wa laifi.

Muryoyi Biyu a Littafi Ɗaya

Tun 1932 aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa, kuma da Hausa ake karanta shi a majami'u da yawa na Arewa, har da na ƙasar Zuru. Mai karanta shi zai tarar da muryoyi biyu game da bala'i.

Ta farko tana ɗaure bala'i da zunubi. Ruwan tufana na zamanin Nuhu a Littafin Farawa hukunci ne. A Littafin Sarakuna na Ɗaya, sura ta 17 da ta 18, an hana ruwa a zamanin Sarki Ahab, bai sauka ba sai da Annabi Iliya ya kunyata masu bautar Ba'al. A sura ta 4 ta Littafin Amos kuwa, an nuna Allah yana shayar da wani gari, yana hana wani.

Murya ta biyu tana jan kunnen mai saurin yanke hukunci. Abokan Ayuba sun nace cewa laifinsa ne ya jawo masa masifa, amma a ƙarshen littafin su aka tsauta wa. A Luka sura ta 13, Yesu ya ambaci mutum 18 da hasumiyar Siluwam ta faɗa wa, ya ce ba su fi sauran mutanen Urushalima laifi ba. A Matiyu sura ta 5 kuma, ya nuna cewa rana da ruwa na kowa ne, nagari da mugu.

Mulhidai suna ɗaukar wannan a matsayin tufka da warwara. Malaman Kirista kuwa suna cewa inda annabi ya bayyana hukunci, hukunci ne. Inda babu wahayi, ba wanda ke da hurumin faɗa.

Darasin Birnin Lisbon

Muhawarar ta yi ƙamari ne a Turai. Ran 1 ga Nuwamba 1755, da safe, ƙasa ta girgiza a Lisbon, babban birnin Fotugal. Ranar idi ce ta tunawa da tsarkaka, majami'u kuwa cike suke da masu ibada. Gine-gine suka rufta, teku ta yi ambaliya, gobara ta yi kwanaki tana ci. Dubban mutane suka halaka.

Wani limami, Gabriel Malagrida, ya wallafa takarda a 1756 yana cewa zunubin mutanen birnin ne sanadi. John Wesley na Ingila shi ma ya ga hannun hukunci a ciki. Amma Voltaire na Faransa, a waƙar da ya wallafa a 1756, ya tambayi laifin jariran da suka mutu, ya kuma tambaya ko Lisbon ta fi Landan da Faris saɓo. A lura, Voltaire ba mulhidi ba ne, ya yarda da Mahalicci. Baron d'Holbach ne, a littafinsa na 1770, ya fito fili ya ce babu komai sai halitta da dokokinta. Haka kuma a littafin David Hume da aka buga a 1779, bayan rasuwarsa, an sabunta tsohuwar tambaya: idan Allah yana da iko, yana kuma da jinƙai, daga ina sharri ya fito?

Mutum biyu sun bi wata hanya dabam. Rousseau ya rubuta wa Voltaire wasiƙa a 1756, ya tuna masa cewa mutane ne suka cunkushe a gidaje masu hawa shida da bakwai. Shi kuwa Pombal, wazirin sarkin Fotugal, ya aika wa limaman ƙasar tambayoyi: tsawon lokacin girgizar, da yadda teku da rijiyoyi suka yi. Sa'an nan ya sake gina tsakiyar birnin da ginshiƙan katako masu jure motsi.

Sanadi da Manufa

Hujjar mulhidai ta biyu ita ce sanadi ya wadatar. Tun shekarun 1960 masana suka tabbatar cewa gogayyar manyan faya-fayan ɓawon ƙasa ce ke haddasa girgiza. Ruwan da manomin Mahuta ke jira kuwa, iska mai laima ce ke ɗauko shi daga Tekun Atlantika, ta ture busasshiyar iskar Sahara zuwa arewa. Wani bincike da aka buga a 2003 ya alaƙanta farin da ya addabi yankin Sahel a shekarun 1970 da 1980 da canjin zafin ruwan teku.

Amsar Kirista a nan tsohuwa ce. Thomas Aquinas, wanda ya rasu a 1274, ya bambanta sanadi na farko, watau Allah, da sauran sanadai da yake gudanar da duniya ta hanyarsu. Bisa wannan, sanin hanyar iska bai kore mai aiko ta ba. Mulhidi ya ce wannan ƙari ne da ba a bukata. Bahaushe ya ce ruwa ba ya tsami banza. Ɓangarorin biyu duk sun yarda da haka, abin da ya tsamar da shi ne suke jayayya a kai, kuma har yau ba wanda ya kā da wani.

Laifin Wa?

Tambaya ta uku ita ce mai haɗari. Bayan girgizar ƙasar Haiti ta 12 ga Janairu 2010, wani mai wa'azi na Amurka, Pat Robertson, ya ce alkawarin da kakannin mutanen suka ƙulla da Shaiɗan ne ya jawo musu. Kirista da dama sun yi tir da maganar. Kafin nan, bayan ambaliyar teku ta 26 ga Disamba 2004 wadda ta kashe sama da mutum 200,000, masanin tauhidi David Bentley Hart ya wallafa littafi a 2005 yana ƙin ra'ayin cewa mutuwar yara wani ɓangare ne na shirin Allah.

Wannan ɗabi'a ba ta addini ɗaya ba ce. A Janairu 2001, da aka yi husufin wata, wasu matasa a Maiduguri suka ƙona otal-otal da mashaya, suna cewa masu saɓo ne suka jawo shi. Alhali masana taurari sun lissafa daren tun shekaru da dama kafin ya zo, kamar yadda suka lissafa husufin rana na 29 ga Maris 2006 wanda ya rufe Gusau da Katsina da Maraɗi.

Kammalawa

Abin da muka gani shi ne, tambayar sanadi ta masu awo ce, kuma mai imani ba ya asarar komai idan ya saurare su. Tambayar manufa ta aƙida ce, awo ba ya yanke ta. Amma tambayar laifi, a kanta Voltaire da Littafin Ayuba suka yi tarayya: wanda masifa ta faɗa wa ba lalle ne ya fi kowa zunubi ba.

Ga ɗalibin Hausa akwai aiki a nan. Kalmomin "sanadi" da "ƙaddara" da "jarrabawa" da "azaba" ba ma'anarsu ɗaya ba, amma mai magana kan musanya su ba tare da lura ba. Wanda ya kira fari ƙaddara, haƙuri ya nema. Wanda ya kira shi azaba, ya riga ya fara neman mai laifi. A gari irin Mahuta, inda masallaci da majami'a ke jiran hadari guda, wanda za a nuna da yatsa maƙwabci ne.