Filashin waya ɗaya ya raba yarinya da aikinta

Ina aiki a zauren wasanni na wani jirgin ruwan yawon shaƙatawa da ke kewaya Bahar Rum. Ni ke lura da ma'aikatan da ke tsaye a ƙofofi suna nuna wa mutane wurin zama, kuma ni ake kira idan fasinja ya ƙi jin magana. Ba na son kai maganar aiki waje, amma abin da ya faru a wannan kakar ya tsaya mini a rai, kuma mutanenmu sun fara shiga irin waɗannan jirage daga Basalona da Dubai da Jidda, don haka gara a ji.

A wasan dare na biyu ne. Tun kafin a buɗe ƙofa na ji Hausa a cikin layi, abin da sai a daɗe ban ji ba a wurin nan. Wani dattijo ne da iyalinsa: uwargida, 'yan mata biyu, da wata matashiya riƙe da jariri a keke. Na je na durƙusa na gaishe su, Hajiya ta yi ta sa mini albarka, ta tambayi garinmu. Wallahi na ji daɗi a lokacin.

Ana buɗe ƙofa 'yan matan suka yi gaba, suka shimfiɗa gyale da jakunkuna a kan layi guda cur, kusa da dandamali, wai akwai abokan tafiyarsu da ba su gama cin abinci ba. Keken jaririn kuma aka ajiye shi a tsakiyar hanyar da ke gangarawa zuwa gaba. Na matsa a hankali na ce, "Ranka ya daɗe, a yi haƙuri, ba a kama wa wanda bai zo ba kujera, kuma keken nan a bari in kai shi baya, ana tashi zan kawo muku da hannuna." Ya dube ni ya ce, "Yaro, kuɗi muka biya, ba kyauta aka ɗauko mu ba." Aka janye gyale biyu don ganin idona. Keken muka kai baya, amma ana rage fitilu matashiyar ta je ta dawo da shi, ta cusa shi a gefen kujerarta.

An yi sanarwa kamar kullum, da Turanci da Italiyanci da Faransanci da Jamusanci da Sifaniyanci: ba a ɗaukar bidiyo, ba a kunna filashi. Na san Alhaji, dattijon nan, ya ji, don Turancinsa ya fi nawa.

Wasan ya kai wurin mai hawa ƙyallen siliki. Yarinya ce ƙarama, ba ta fi 'yarsa ta fari ba, tana naɗe jikinta da ƙyallen tana hawa har kusa da rufin dandamali. A daren akwai ɗan motsin ruwa, kuma zauren namu a goshin jirgi yake, inda aka fi jin tangaɗi. Mai kula da dandamali ya tuntuɓi ɗakin tuƙi kafin a fara, aka ce motsin bai kai a soke wasan sama ba. Wato dama yarinyar tana lissafi da lilon jirgi a kan lissafin jikinta.

Sai Alhaji ya ɗaga waya. Na sunkuya na isa gare shi na ce, "Alhaji, don girman Allah a sauke wayar nan, hasken yana shiga idonta." Ya sauke. Ina juya baya ya sake ɗagawa. Wani yaro daga cikin ma'aikatana, ɗan Filifin, mai ladabi ƙwarai, ya je ya sa tafin hannunsa a gaban wayar ba tare da ya taɓa ta ba, kamar yadda aka koya mana. Alhaji ya miƙe ya hankaɗe shi a ƙirji, yaron ya faɗa kan wata tsohuwa da ke layin baya. Ina cikin kiran jami'an tsaro ta rediyo yarinyar ta zo wurin da take sakin jiki ta wuntsulo daga sama, ƙyallen ya warware ya tare ta dab da ƙasa. A daidai nan filashin ya haska.

Ba ta faɗo ƙasa ba, Allah ya kiyaye. Amma hannun da ya kamata ya cafki ƙyallen ya makara, nauyinta duka ya sauka a kafaɗa ɗaya, kafaɗar ta goce. Na ji ƙararta duk da kiɗa. Aka saki labule. Daga baya da bakinta ta ce fari fat ta gani, ba ta ga ƙyallen ba.

Ma'aikatan asibitin jirgi suka taho da gadon ɗaukar majinyaci ta hanyar da ta fi kusa, suka tarar da keken jariri ya tokare ta. Sai da aka ciro jaririn yana tsala kuka, aka ɗaga keken sama aka miƙa ta kan mutane. Lokacin da aka ɓata ba mai yawa ba ne, amma yarinyar tana kwance a bayan labule tana jira.

A tasha ta gaba aka sauke ta zuwa asibiti. Yarjejeniyar ƙwadagon teku ta 2006 ta ɗora wa mai jirgi kuɗin maganinta da na mai da ita gida, kuma an yi. Amma kwantiraginta ya yanke a tsakiya, kuma mai wasan sama da kafaɗarta take ci. Tun tana ƙarama take koyon abin nan. Tana tura wa mahaifiyarta kuɗi duk wata, kamar yadda nake tura wa tawa.

Da safe mataimakin kyaftin ya kira Alhaji. An duba kyamarorin zaure, an ga komai. Ba filashin ne ma ya yanke hukuncin ba, hankaɗe ma'aikaci ne. Aka ce zai sauka a wannan tashar, ba a mayar masa da ko sisi, kuma shi zai nemi hanyar komawa da kuɗinsa. Hajiya ta sa aka nemo ni. Tana kuka ta ce, "Ɗana, kai namu ne, ka sa baki mana." Na ce, "Hajiya, wallahi da akwai yadda zan yi don ke da na yi, amma magana ta wuce ni." Gaskiya na faɗa mata. Idan kyaftin ya yanke, babu wanda ke ɗaga maganar a cikin jirgin, kuma a takardar tikitin da suka amince da ita an rubuta haka. Iyalin duka suka tattara suka bi shi, da akwatuna da jariri, a garin da ba su san kowa ba, suna lissafin kwanakin da suka rage a bizarsu.

Abin da ya ƙara ƙona mini rai shi ne maganar da ɗaya daga cikin 'yan matan ta yi a bakin tsani. Ta ce wanda ya sayar musu da tafiyar ya gaya musu an biya komai, su yi abin da suka ga dama, ma'aikata na nan don yi musu hidima. Irin waɗannan dillalan tafiya, waɗanda ba su taɓa taka jirgin ruwa ba sai hotuna da suke turawa a WhatsApp, su ne rabin matsalarmu. Su karɓi miliyoyin mutum, ba za su zaunar da shi minti goma su karanta masa sharuɗɗa ba. Ba su san atisayen gaggawa ba, ba su san inshorar lafiya ba, ba su ma san ko bizar da suka nema masa ta shiga sau ɗaya ce ko ta shiga da fita ba. Wannan ba sana'a ba ce, cin amana ne.

Tikiti kujera ya saya maka, bai saya maka ma'aikaci ba. Idan an ce sauke waya, sauke. Kada ka taɓa jikin ma'aikacin jirgi, komai fushinka.

Maganar hanya kuwa, ita ce mutane suka fi rainawa, ita ce kuma ta fi ba ni tsoro. A jirage da yawa, har da namu, zauren wasannin nan wurin taruwa ne idan an busa jiniya gajeru bakwai da doguwa ɗaya. Mutum fiye da dubu za su miƙe a lokaci guda, a cikin duhu-duhu, ƙasa tana motsi. Ka tuna jirgin Costa Concordia da ya bugi dutse kusa da tsibirin Jiliyo na Italiya a daren 13 ga Janairu, 2012. Mutum fiye da 4,000 ne a ciki, 32 suka rasu, kuma ɗaruruwan fasinjojin da suka shiga a ranar ba a riga an yi musu atisaye ba. Bayan wannan ne aka gyara dokar kare rayuka a teku, wato SOLAS, daga 2015 ya zama dole a yi atisayen kafin jirgi ya tashi ko da zarar ya tashi. Duk wannan tsari keken jariri ɗaya a tsakiyar hanya zai iya lalata shi. Haka jakar sayayya, haka mutumin da ya zauna a kan matakala don bai sami kujera ba. Ba a zama a matakala. Mun gaji da faɗa.

Yara kuma a riƙe su. Kada a tura su layin gaba su kaɗai iyaye suna can baya suna hira. Akwai hayaƙi, akwai wayoyin lantarki, akwai ramin dandamali da ke buɗewa yana rufewa. Jariri ya fara kuka, a fita da shi, ba wanda zai zarge ki. Kofin gilashi kada a ajiye shi a ƙasa, jirgi na karkata kaɗan zai gangara ya fashe a ƙarƙashin ƙafar wani. Wanda ya makara ya jira a nuna masa lokacin shiga. Kujerun masu keken guragu nasu ne, ko da babu kowa a kai. Amsa waya a tsakiyar wasa, wannan ba sai na ce komai ba.

Na dawo kan filashi, don shi ne ba a ɗauka da muhimmanci. Wayoyin yanzu da kansu suke kunna shi idan sun ga duhu. Kada ka ce ai ba ka kunna ba. Kashe wayar ka sa a aljihu. Wasan minti arba'in da biyar ne. Kuma ko ba filashi, hasken fuskar wayar kansa yana damun na bayanka, sannan waƙoƙi da rawar da kake ɗauka suna da masu haƙƙinsu, kamfanin ma izini ya saya ya nuna.

Kada wani ya ɗauka mutanenmu ne kaɗai. Na fitar da Turawa daga zauren nan, na fitar da Larabawa, na ga wanda ya bugu ya nemi hawa dandamali. Wannan dai ya fi yi mini ciwo ne don da harshen uwata na roƙe shi, na haɗa shi da Allah, bai ji ba.

Idan kana da uba ko yaya ko maigida da ke shirin irin wannan tafiya, ka zaunar da shi kafin ya tashi. Ka sa dillalin ya kawo sharuɗɗan jirgin a rubuce, ku karanta tare, musamman sashen ɗabi'ar fasinja da ikon kyaftin na sauke mutum. Dillalin da ya ce ba shi da su, ku karɓi kuɗinku ku nemi wani.