Yadda Ake Auna Bayanin Kayan Aikin Ɗan Aiken Na'ura

'Yan'uwana masu koyon aikin malanta, a zangon da ya wuce, sa'ad da muke gwajin koyarwa, zazzaɓi ya kwantar da ni kwana uku. Na aika wa abokina da 'yar takarda, na ce, "Ka ci gaba da lissafi daga inda muka tsaya." Shi kuwa bai san inda muka tsaya ba, sai ya maimaita wa yara abin da suka riga suka wuce. Laifin nawa ne. Wannan abu ya buɗe mini ido a kan darasinmu na yau.

Kun san ChatGPT, wanda ya fito a 2022. Da fari irin waɗannan na'urori magana kaɗai suke yi. A 2023 kamfanin OpenAI ya fito da hanyar da za su riƙa kiran waɗansu kayan aiki, a Nuwamba 2024 kuma kamfanin Anthropic ya fito da tsarin Model Context Protocol domin haɗa su da kayan aiki iri iri. Na'urar da ke zaɓen kayan aiki da kanta don ta cika umurni, ita muke kira ɗan aike.

To, ga abin lura. Ɗan aiken nan ba ya ganin cikin kayan aikin. Abu uku kaɗai ake nuna masa: suna, da bayani, da guraben da zai cika. Watau daidai yake da abokin nan nawa, ba shi da kome sai takarda. Saboda haka ga tambayoyi biyar da za a yi wa kowane bayani.

1. Ya faɗi aikin sosai? A ce makaranta tana da kayan aiki, an rubuta masa, "Yana kawo maki." Makin wa? Na wane zango? Wanda ya fi shi ne: "Yana kawo makin jarrabawar ɗalibi ɗaya na zango ɗaya, bisa ɗari."

2. Ya faɗi lokacin da za a ɗauke shi, da lokacin da za a bar shi? In akwai wani mai kawo makin aji duka, lalle a ambata shi, don kada ɗan aike ya kira na farko sau arba'in.

3. An bayyana kowane gurbi? Sunan yaro ake so, ko lambarsa ta rajista? In kwanan wata ne, ta yaya za a rubuta? A Ingila 3/4 uku ga Afrilu ne, a Amurka kuwa huɗu ga Maris. Kada ku rena wannan. A 1999 Amurka ta yi hasarar kumbonta Mars Climate Orbiter domin wani sashe ya ba da lissafi da ma'aunin fam, wani sashe kuwa ya ɗauka ma'aunin mita da kilo ne.

4. Ya faɗi abin da zai komo da shi, da abin da zai ce in bai samu ba? In yaro bai zauna jarrabawa ba, aka komo da sifiri ba bayani, ɗan aike zai gaya wa uba ɗansa ya faɗi.

5. Ya yi gargaɗi in aikin ba ya warwaruwa? Duba maki daban, share maki daban. Mai sharewa ko mai aika kuɗi tilas bayaninsa ya faɗi haka a fili.

Amma fa amsa tambayoyin nan bai isa ba. Mu malamai mun sani, shirin darasi yakan yi kyau a takarda, a shiga aji ya watse. Sai an gwada akan san na ƙwarai. A shirya ayyuka na gaske, kamar ashirin, a ba ɗan aike. A ƙidaya sau nawa ya zaɓi kayan da ya kamata, sau nawa ya cika gurabe daidai. Sa'an nan a karanta inda ya ɓata, kamar yadda muke bin littafin yaro mu ga inda lissafi ya karkace. A gyara jimla ɗaya, a sake ba shi ayyukan. Kāna a kawo sababbin ayyuka waɗanda ba a yi gyara a kansu ba, gama malamin da ya koyar da amsoshin jarrabawa kaɗai ya ruɗi kansa.

Saura gargaɗi ɗaya. Ɗan aike yakan gaskata abin da ya karanta. A Afrilu 2025 masu bincike na Invariant Labs suka nuna cewa mugu yana iya ɓoye umurni cikin bayanin, har na'ura ta kwashi asirin mai ita ta aika waje. Don haka bayanin da wani ya rubuta, a karanta shi duka kafin a amince da shi.

Aikin gida: kowa ya rubuta bayanin kayan aiki mai duba rajistar aji, ya miƙa wa maƙwabcinsa ba tare da ya ce uffan ba. Kowace tambaya maƙwabcin ya yi, gurbi ne ka bari. Ni ma yanzu haka nake auna shirin darasina kafin in kai wa Malam ya sa hannu.