Kada ka baro faifan hotonka a asibiti

Idan aka gano ciwon daji a hancinka ko kogunan da ke kewaye da shi, takardar sakamako kaɗai ba ta isa ba. Ka nemi faifan hoton. Hoton CT na nuna ƙashin da ciwon ya ci, MRI kuwa na rarrabe ƙari da majinar da ta taru. Daga faifan ake auna girman ƙarin, da motsin ruwa a cikinsa: inda ƙwayoyin suka cunkushe, lambar ADC, wato ma'aunin wannan motsin, takan yi ƙasa.

Lamba ba ta yanke hukunci, sai an ɗebi tsoka an duba. Amfaninta na wajen kwatantawa. Don Allah, hoton bayan magani, wanda akan ɗauka bayan kamar wata 3, ka yi ƙoƙarin yin sa a na'urar da aka ɗauki hoton farko, domin awo kan bambanta daga na'ura zuwa na'ura.