Darasin Wannan Wata: Ɗan'uwan Da Ba Ya Cin Nama, Da Tukunyar Gidanmu

Karatu: Romawa 14:1-23

Gabatarwa

A ƙasarmu, idan baƙo mai daraja ya sauka, maigida yakan sa yara su kama zakara, gama an ce tuwon girma miyarsa nama. To, a ce ranar Kirsimeti ce, uwa ta yi wata uku tana kiwon zakara saboda ɗanta da ke karatu a nesa. Ɗan ya iso, an ajiye kwano a gabansa, sai ya ce, "Mama, ki gafarce ni, na daina cin nama, da kifi, da ƙwai, da nono." Uwar za ta ji kamar ita ce aka ƙi. Uban kuwa zai fara tambaya ko yaron ya shiga wata ɗarika ne. Abin da aka shirya domin murna sai ya koma gardama. Saboda haka darasinmu zai duba abin da Ikilisiya take koyarwa a kan wannan al'amari, domin kada abinci ya raba waɗanda baftisma ta haɗa.

Su Wane Ne Waɗannan Mutane?

Akwai masu barin nama saboda umarnin likita, akwai kuma masu barinsa saboda azumi. Waɗanda muke magana a kansu sun bar shi ne saboda lamiri. A shekarar 1944 wani mutumin Ingila mai suna Donald Watson ya kafa ƙungiya tare da abokansa, suka raɗa wa hanyarsu suna bigan. Mai bin wannan hanya yakan guji duk abin da ya fito daga jikin dabba: nama, kifi, ƙwai, madara, man shanu, har da zuma da takalmin fata.

Dalilinsu na farko shi ne dabba tana jin zafi da tsoro. Suna nuni ga manyan gidajen kiwo inda ake cusa kaji cikin keji, kaza ta rayu ta mutu ba ta taɓa tona ƙasa ba. Dalili na biyu shi ne kula da duniyar da muke ciki. A shekarar 2013 Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙiyasta cewa kiwon dabbobi ne yake jawo kashi 14.5 cikin ɗari na iskar da mutane suke fitarwa mai ƙara wa duniya zafi. A shekarar 2020 kuma wata kotun ma'aikata a Ingila ta yanke hukunci cewa wannan ra'ayi aƙida ce da doka take karewa, ba a yarda a wulaƙanta ma'aikaci saboda ita ba. Wannan hanya ba addini ba ce. A cikin mabiyanta akwai Kirista, akwai waɗanda ba Kirista ba.

Abin Da Littafi Mai Tsarki Ya Nuna

A sura ta farko ta Littafin Farawa, tsire-tsire masu ƙwaya da 'ya'yan itatuwa ne Allah ya ba mutum su zama abincinsa. Sai bayan ruwan tufana, a sura ta 9, ya ba Nuhu da zuriyarsa izinin cin nama, ya hana su jini. Daniyel da abokansa uku sun ƙi abincin Sarki Nebukadnezzar a Babila, suka roƙa a gwada su da kayan lambu da ruwa kwana goma, aka kuwa tarar sun fi sauran samari kyan jiki. A ɗaya gefen, Ibrahim ya yanka wa baƙinsa uku ɗan maraƙi. Bitrus da Andarawas da Yakubu da Yahaya masunta ne. Ubangijinmu da kansa, bayan tashinsa daga matattu, ya ci gasasshen kifi a gaban almajiransa, kamar yadda Luka ya rubuta a sura ta 24.

A Ikilisiyar Roma an yi irin wannan saɓani. Waɗansu suna cin kome, waɗansu kuwa ganye kaɗai suke ci. Dalilinsu dabam ne da na 'yan bigan, amma hukuncin da Manzo Bulus ya yanke ya shafe mu duka. Ya gargaɗi mai ci kada ya raina marar ci, ya gargaɗi marar ci kada ya hukunta mai ci, tun da yake Allah ya karɓi dukansu. Laifin kowane ɓangare dabam ne: ɗaya raini yake jawo masa zunubi, ɗayan kuwa ganin kansa ya fi kowa tsarki. Bulus ya ƙara da cewa wanda ya ci abu alhali lamirinsa bai yarda ba, ya yi zunubi. Ke nan wanda ya tilasta wa ɗan'uwansa ci, ya sa shi tuntuɓe.

Koyarwar Ikilisiya

Ikilisiya ba ta taɓa haramta nama ba. Tun a ƙarni na huɗu, taron bishop-bishop a garin Gangra, a ƙasar Turkiyya ta yau, ya tsauta wa masu cewa mai cin nama ba shi da begen ceto. Katekisim na Ikilisiyar Katolika na shekarar 1992, daga lamba ta 2415 zuwa 2418, ya koyar cewa halal ne mutum ya yi amfani da dabbobi domin abinci da sutura. Wurin nan kuma ya koyar cewa dabbobi halittun Allah ne, wajibi ne mu yi musu alheri, kuma wanda ya azabtar da su ko ya kashe su ba dalili ya zubar da darajarsa ta ɗan Adam. Marigayi Paparoma Faransis, cikin wasiƙarsa Laudato Si' ta shekarar 2015, ya tuna mana cewa zuciyar mutum ɗaya ce: wanda ya saba da yi wa dabba mugunta, ba da daɗewa ba muguntar za ta kai ga mutane. Bari wannan ya sa mu yi tunani a kan jakin da ake ɗora wa kayan da suka fi ƙarfinsa, da kajin da ake rataye su kai ƙasa a bayan babur cikin zafin rana.

Barin nama kuma tsohon abu ne a gidanmu na Katolika. Ka'idar Waliyi Benedik ta ƙarni na shida ta hana sufaye naman dabba mai ƙafa huɗu, sai dai marasa lafiya. Waliyi Faransis na Paola, wanda ya rasu a shekarar 1507, ya kafa jama'ar sufaye masu ɗaukar wa'adi na huɗu, wato su rayu ba nama, ba ƙwai, ba madara. Mu ma duka, daga mai shekara 14 zuwa sama, dokar Ikilisiya ta umarce mu mu ƙaurace wa nama ranar Larabar Toka da Jumma'o'in lokacin Azumi. Yaya za mu yi wa mutum dariya saboda abin da waliyyai suka yi?

Ga Mai Masauki

Shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma. Idan kun san baƙonku ba ya cin nama, ku tambaye shi tun kafin a ɗora tukunya. Ba sai kun nemo abincin Turawa ba, gama iyayenmu mata sun daɗe da sanin wannan girki. Ga tuwo da miyar kuka ko miyar taushe, da daddawa da manja ko man gyaɗa. Ga ɗan wake, da ƙosai, da alale wanda ba a sa masa ƙwai ko kifi ba. Ga kwaɗon zogale ko na rama da ƙuli-ƙuli, da awarar waken suya, da gwaten acca, da kunun gyaɗa. Sai dai a lura da abubuwan da hannu ya saba jefawa ba tunani, wato romon nama, da garin busasshen kifi, da man shanu.

Abu ɗaya ne muke roƙo da babbar murya: kada a yaudare shi. Tsame nama daga miya a ce ba a sa ba ƙarya ce, ko da cikin wasa aka yi. Wanda ya ci daga hannunki ya ba ki amana ne. A bukukuwan majami'a kuma, ranar godiyar kaka ko ta baftisma, zai yi kyau iyayenmu na Zumuntar Mata su keɓe tukunya ɗaya marar nama, kowa ya iya ɗiba, domin kada wani ya koma gida da yunwa.

Ga Wanda Ya Bar Nama

Ɗan'uwa, kai ma akwai naka nauyi. Ka sanar da mai masaukinka tun da wuri, ka gode wa hannun da ya yi maka girki. Ka tuna cewa zakaran da mahaifiyarka ta yanka ƙauna ce ta yanka maka, sai ka karɓi ƙaunar ko da ba ka ci naman ba. Ka shiga madafa ka taya ta gyaran wake.

Idan kai ne mai dafa wa waɗansu, ba dole ba ne ka dafa abin da lamirinka ya ƙi. Amma ka faɗa musu tun wajen gayyata abin da za su tarar, ka dafa da yawa, ka dafa da daɗi, har su ƙoshi. Kada ka mai da kwanon abinci bagadin wa'azi. In an tambaye ka dalili, ka amsa da tawali'u. Kada ka kira makiyayi ko mahauci ko masunci mai zunubi saboda sana'ar da yake ciyar da iyalinsa da ita. Ka tuna kuma da maƙwabtanmu masu yawa da suke yin makonni ba su ga nama ba, ba da zaɓinsu ba. Kuɗin da ka rage na nama, bari wani kaso ya zama mudun wake a gidan gwauruwa, gama haka Ikilisiya ta koya mana game da azumi tun dā.

A ƙarshe, ka kula da lafiyar waɗanda suke hannunka. Hatsi da wake in an haɗa su suna gina jiki sosai, amma sinadarin bitamin B12 ba a dogara da tsire-tsire wajen samunsa, rashinsa kuwa yana kawo ƙarancin jini da ciwon jijiyoyi. Mai bin wannan hanya yana bukatar ƙwayoyinsa. Kada a ɗora wa ƙananan yara, ko mace mai ciki, ko mai shayarwa wannan tsari sai da shawarar ma'aikacin lafiya.

Tambayoyi Domin Tattaunawa

1. Cikin laifuffuka biyu da Bulus ya ambata, raini da hukunci, wanne ne ya fi kusa da zuciyata?
2. Yaya muke bi da dabbobin gidanmu, daga kiwo har zuwa yanka?
3. Wane ne a majami'armu yakan tashi daga biki bai ci kome ba, me kuma za mu yi a kai?

Addu'a

Ya Allah Uba, Mahaliccin mutum da dabba da tsiro, ka ba mu zuciyar tausayi ga dukan halittarka. Ka albarkaci hannuwan da suke yi mana girki. Ka tsare mu daga raini da girmankai, domin mu da muke cin Gurasa ɗaya a bagadinka mu iya zama a tabarma ɗaya cikin salama. Ta wurin Kristi Ubangijinmu. Amin.