Samfurin AI Na Tafiyar Hawainiya a Kwamfutarka? Ga Saitunan da Za Ka Gyara

Ƙorafin da aka fi ji daga masu amfani da LM Studio ko Ollama iri ɗaya ne: an sauke samfuri, ya buɗe lafiya, amma amsa sai ta riƙa fitowa ɗiɗɗiga-ɗiɗɗiga, fanka na ta ƙugi, wani lokacin ma kwamfutar ta daskare ɗungurungum. Galibi laifin ba na manhajar ba ne. An ɗora wa kwamfutar abin da ya fi ƙarfin RAM ɗinta, sai ta koma kwaso bayanai daga faifan ajiya, wanda RAM ta fi shi sauri nesa ba kusa ba.

Fara da girman samfurin. Llama 3.1 8B da kamfanin Meta ya fitar a 2024, a cikakkiyar sigarsa yana cin kusan giga 16. Shi ya sa ake matse shi, kuma za ka ga alamar matsewar a jikin sunan fayil ɗin GGUF. Q8_0 ya haura giga 8 kaɗan, Q4_K_M kuwa bai kai giga 5 ba, kuma a aikin yau da kullum da wuya ka lura da raguwar inganci. Mai RAM giga 16 ya ɗauki Q4_K_M. Mai giga 8 ya haƙura da Llama 3.2 3B, mai kusan giga 2, domin Windows da burauza ma suna da nasu kason.

Inda mutane suka fi faɗawa rami shi ne tsawon mahallin da samfurin ke riƙewa a zance, wanda LM Studio ke kira Context Length, Ollama kuma num_ctx. Ganin cewa Llama 3.1 na iya ɗaukar tokin (guntayen kalmomin da samfuri ke ƙirga rubutu da su) dubu 128, sai mutum ya ja ma'aunin har ƙarshe. A wannan samfurin, kowane tokin 8,192 na buƙatar ƙarin kusan giga 1, cikakken tsawon kuwa giga 16 ne, ban da nauyin samfurin kansa. Fara da 4,096, ka ƙara idan aikin ya buƙata. Mai rubutu da Hausa ya sani cewa jimlarsa na cin tokin fiye da ta Turanci, don haka mahallinsa zai fi saurin cika.

Idan kana da katin hoto (GPU) na NVIDIA, saitin GPU Offload na LM Studio ne ke tura sassan samfurin zuwa gare shi. Ƙara adadin har katin ya kusa cika, amma ka bar masa ɗan sarari. A Ollama, rubuta ollama ps ka ga kashi nawa ke kan GPU, nawa ke kan CPU. Laftof kuma a jona ta da wuta, domin a kan batir takan rage wa kanta gudu.

Saitin temperature bai shafi sauri ba, yanayin amsa yake juyawa. Ollama na farawa da 0.8. Don fassara ko taƙaita takarda, sauke shi zuwa 0.2, don ƙirƙirar labari, bar shi yadda yake.

Kada ka taɓa saiti biyu a tashi ɗaya. Canza guda, maimaita tambayarka ta farko, ka duba adadin tokin a daƙiƙa da LM Studio ke nunawa a ƙasan amsa, sannan ka matsa zuwa na gaba.